Abebe Bikila: Gudun Tsaunuka Da Aikin Jini

A ranar 10 ga Satumba, 1960, wani sojan fadar Sarkin Habasha mai suna Abebe Bikila ya cinye gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik a birnin Rum. Kilomita 42.195 ya yi cikin awa 2 da minti 15, ƙafarsa ba takalmi.

Mutane sun fi riƙe zancen takalmin, amma abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi yana cikin jini. A tsaunukan Habasha Bikila ya tashi, ya kuma horu a Addis Ababa, wadda ta ɗara mita 2,300 bisa teku. A can iska ba ta da kauri, oksijin da ke shiga huhu kaɗan ne. Saboda haka jiki yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini, masu kai oksijin ga tsoka, sai gajiya ta yi jinkirin zuwa. Tsauni kaɗai bai isa ba, sai da horon kocinsa, Onni Niskanen.

A 1964 ya sake ci a Tokyo, da takalmi wannan karon, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata. Haɗarin mota ya shanye masa ƙafafu a 1969, ya rasu a 1973.