Shawara Bayan Bugun Ciki: Nazarin Tsukewar Hanyar Maɗaciya a Ƙasar Zuru

Tsakure
Wannan maƙala ta dubi wani nau'in shawara da ke biyo bayan bugun da bai fasa fatar ciki ba, ta kuma nuna yadda faɗin ma'anar kalmar kan jinkirta gano shi.

1.0 Gabatarwa
A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, Hausa ce harshen da ya fi haɗa majinyaci da ma'aikacin lafiya, ko da harshen majinyacin na gida C'lela ne. Duk wanda idonsa ya koma ruwan ɗorawa, sai a ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya. To amma shawara alama ce da cututtuka da dama ke haifarwa: ciwon hanta, fashewar ƙwayoyin jini, ko toshewar hanyar maɗaciya. Jiƙo ba ya buɗe hanyar da tabo ya toshe.

2.0 Yadda Tsukewar ke Aukuwa
Hanta kan samar da kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya na ruwan maɗaciya a kullum, wanda ke bin siririyar hanya zuwa farkon ƙaramin hanji. Idan kan babur ya daki ciki, ko saniya ta tunkuyi manomi, ko ɗan kokawa ya sha mummunan kaye, hanyar na iya matsewa tsakanin abin da ya buge ta da ƙashin baya. Raunin kan warke da tabo, tabon kuma ya tsuke ta. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Alamun kan ɓullo ne bayan kwanaki ko makonni, lokacin da an manta da bugun.

3.0 Ganowa
Alamun su ne ɗorawar ido, fitsari mai duhu, farin bayan gida da ƙaiƙayi. Idan zazzaɓi da ciwon gefen dama na ciki suka haɗu da shawara, ƙwayoyin cuta sun shiga hanyar ke nan, kamar yadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana a 1877. Wannan na bukatar gaggawa. Akan fara da gwajin jini da sikanin, wanda ke nuna kumburar hanyar a saman toshiyar. Hoton MRI shi ke fayyace wurin tsukewar da tsawonta. Irin wannan majinyaci akan tura shi manyan cibiyoyi, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

4.0 Magani
Idan tsukewar gajera ce, akan zura bututu mai kyamara ta baki, a faɗaɗa wurin, a dasa ɗan bututun roba da ake sauyawa kusan duk wata 3. Idan hakan ya faskara, sai tiyata: a yanke hanyar daga saman tabon a haɗa ta da ƙaramin hanji. Jinkiri kan ƙeƙasar da hanta har ta kasa aiki.

5.0 Kammalawa
Maƙalar na ba da shawarar masana Hausa da likitoci su daidaita keɓaɓɓun kalmomi biyu, "shawarar hanta" da "shawarar toshiya", domin wa'azin lafiya a rediyo da ɗakin shan magani. Haka nan, duk mai shawara a tambaye shi: "Ka taɓa buguwa a ciki cikin 'yan watannin nan?"