Kanwa da murjani

A ƙasar Magarya da Dungas, in ruwan tafkunan Korama ya janye da rani, farar kanwa takan fito bisa ƙasa. Mata suna sa ta cikin wake don ya nuna da wuri. Ruwan teku ma yana da irin wannan gishiri, amma kaɗan.

Cikin teku akwai wata ƙaramar dabba, ita ce murjani. Da gishirin kanwa da alli take gina gidanta mai tauri kamar dutse. A Turai da Amurka wasu suna kiwonta cikin akwatin gilashi cike da ruwan teku. Kullum tana cin kanwar ruwan. In kanwa ta yi ƙaranci, gini ya tsaya. In aka zuba da yawa gaba ɗaya, dabbar ta mutu. Tilas a auna.

Ƴan makaranta suna iya gwada awon cikin aji. A jiƙa kanwa cikin ruwan soɓorodo, jan ruwan zai yi duhu. Sai a ɗiga lemun tsami, ana ƙirga ɗigon, har ja ya komo. Ɗigo da yawa, kanwa da yawa ke nan.

Yau akwai inji mai wannan aiki dare da rana. Yana ɗiban ruwa kaɗan, ya ɗiga ruwa mai tsami, ya ƙirga, sannan ƙaramin famfo ya ƙara abin da ya ragu. Amma bututun inji yakan toshe. Shi ya sa mai kiwo yakan sake aunawa da hannunsa.