Filin Gwaggo: Wayata ba ta karanta hoto

Ni 'yar Zurmi ce, rashin tsaro ya dawo da mu Kaura Namoda gidan kawuna. Idona ya tafi ina aji biyar na sakandare. Na iya waya, TalkBack ke karanta min komai, har na shiga karatun difloma ta intanet. Damuwata handawut: hotonsa malamai ke ɗauka su ɗora, wayar kuma ta yi tsit. Ƙanena ke karanta min, ga jarrabawarsa ta matso. A gwajin da ya wuce ina tambaya ta bakwai lokaci ya ƙare. Baba ya ce in haƙura in daina wahalar da yaro. Akuyoyin Inna aka sayar aka yi min rajista. In bari?
Ɗiyarki, Kaura Namoda

Ɗiyata, kada ki bari. Amma a kan yaron nan Baba ya fi ki gaskiya, sai mun sauke masa kayan.

Wayarki lafiyarta ƙalau. TalkBack haruffa take bi ɗaya bayan ɗaya, hoto kuwa sau da yawa bango ne a wurinta, ko me aka rubuta a jikinsa. To handawut ɗin nan kafin ya zama hoto wani ya zauna ya buga shi a kwamfuta. Asalinsa yana nan, ko a kwamfutar malam ko a shagon da ya kai aka buga masa. Shi za ki nema, fayil ɗin Word, kuma turo shi bai kai wahalar ɗaukar hoton shafi talatin ba.

Ban ɗauka mugunta ce ta sa malamanki haka ba. A ajin bulo da siminti, malami yana shigowa zai ga mai sanda a layin gaba, ko bai so ba ya san da ita. A ajin intanet ke lamba ce cikin lambobi. Zai yiwu har yau babu wanda ya san akwai makauniya a ajin, kuma na fahimci dalilin da ya sa kika yi shiru: kin samu wuri guda a duniya da ba a ce miki "Allah sarki". Sai dai wannan sutura tana cin makinki.

Ki rubuta wa shugaban sashenku takarda, ban ce kiran waya ba, don magana iska ce. Ki nemi a riƙa ba ki darussa a buge, a ƙara miki lokaci a gwaji, sannan in shafin makarantar yana da shingen nan na "zaɓi hotunan da ke da mota" kafin a shiga, a sama miki wata ƙofa. Ki ajiye kwafi. Ba bara kike yi ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har da wajen neman ilimi, kuma a 2020 aka kafa hukumarsu ta ƙasa a Abuja. Ki ambaci wannan a layi ɗaya, cikin ladabi. In aka ce miki ba a saba ba, ki tuna musu JAMB: tun 2017 take da tsari na musamman ga makafi ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, ana karanta musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko kwamfuta, kuma Kano na cikin cibiyoyin. Wanda ya shirya wa dubban ɗaruruwa jarrabawa ya iya, balle mai aji guda. In wata ya wuce shiru, ki shiga ta ƙungiyar makafi ta jiha. Takardar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi a tebur.

Kafin amsa ta zo, ki sauke Lookout ta Google, tana ciro rubutu daga hoto ta karanta. Kada ki sa rai da yawa, hoton da aka ɗauka a karkace da inuwar hannun malam a kai shirme za ta yi ta karanto miki. In kin samu aron kwamfuta, akwai NVDA, mai karanta allo irin TalkBack, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙiro ta. Kuma duk abin da aka ɗora ki sauke shi cikin waya a ranar. Wanda ya ga Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, ba sai an yi masa wa'azin ajiya ba.

Baba kuwa kada ki yi gardama da shi. Ranar da fayil na farko ya iso, ki sa kawu ya kira shi bayan la'asar, ki ɗora wayar a tabarma ta karanta shafi guda, ƙanenki yana can wajen ƙwallonsa.

*

Gwaggo, ni kurma ne, ina koyon gyaran waya a wani zauren WhatsApp da na biya kuɗi. Malamin saƙon murya yake turowa, wani har minti goma. Na yi magana sau biyu, 'yan aji suka ce ina ja da su baya.
Ɗanki, Shinkafi

Ɗana, kuɗinka da nasu launi ɗaya ne. Ka bar yin maganar a zaure, inda kowa ke neman burge malam, ka same shi shi kaɗai. Ka ce ya riƙa biyo kowane saƙon murya da matakan aikin a rubuce, ko layi biyar ne, kuma in zai nuna yadda ake cire sikirin ko canza wurin caji ya ɗauki bidiyon hannunsa kusa-kusa. Gyaran waya dama aikin ido ne da yatsa, a nan ba wanda ya fi ka. Masu cewa kana ja da su baya su ne za su fara adana rubutun, don ba mai son sake sauraron minti goma yana neman sunan waya ɗaya.

In ya ƙi, ka nemi ragowar kuɗinka, ka je ka zauna wajen mai gyara a kasuwa wata uku.