Duwatsun Tunawa

Karatu: Joshuwa 4:1-9, 19-24

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin, ya kafa su a Gilgal, domin 'ya'ya su gani su tambaya, iyaye kuma su ba da labarin ikon Ubangiji.

A Abuja akwai Cibiyar Shehu Musa 'Yar'Aduwa, inda aka adana hotunansa da tarihin rayuwarsa. Shi ne mataimakin Janar Obasanjo daga 1976 zuwa 1979, shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Gwamnatin Abacha ta tsare shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. A harabar cibiyar an gina gada wadda da gangan ba a ƙarasa ba, da wuya kuwa yaro ya gan ta bai yi tambaya ba.

Marigayin Musulmi ne, amma kada wannan ya hana iyalin Kirista zuwa, gama tarihin na ƙasarsu ne.

Tambaya don sujadar iyali: Musa ya hangi Kan'ana daga Dutsen Nebo, bai shiga ba (Maimaitawar Shari'a 34). Me uba zai amsa wa yaron da ya tambayi dalilin da ya sa Allah yakan ɗauki mutum aikinsa bai ƙare ba?