Amsar Tambaya: Ma'aikatan Bankina Na Tafiya

Tambaya: Ina shugabantar reshen wani banki a Maraɗi. Mun kawo sababbin na'urori, amma ƙwararrun ma'aikata sai ajiye aiki suke. Me zan yi?

Amsa: Malam, na'ura ba ta san manomin rani na Jiratawa ba. Ma'aikacinka ne ya san lokacin da mai zogale ke samun kuɗi, har ya tsara masa biyan bashi daidai da girbi. In ya tafi, da amanar manoman yake tafiya, kuma masu hada-hadar kuɗi irin su Nita da Airtel Money na jiransu a bakin kasuwa. Horar da shi kan na'urorin, ƙara masa girma bisa cancanta, kuma ka riƙa sauraron shawararsa kowane wata.