Hukuncin "Ɗanɗana" Wiski

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, a ƙasar Ailan akwai wiskin da ake dafawa da tsiron sha'ir zalla, a masana'anta guda. Dokarsu ta ce sai ya shekara 3 aƙalla cikin gangar katako, sinadarin maye kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Asalin sunan a harshensu ma'anarsa wai "ruwan rayuwa". Masu yawon buɗe ido ana zuba musu ɗan kaɗan, su shinshina, su ɗiga ruwa, su kurɓa, a ce ɗanɗano ne kawai.

To ɗalibinmu ko ma'aikacinmu da ke can, in aka gayyace shi fa?

Sayyidina Umar (RA) ya lissafa sha'ir cikin abubuwa biyar da ake yin giya da su, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Ƙa'idar kuma sananniya ce: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Canza suna ba ya canza hukunci.

Ka gode musu cikin ladabi, ka faɗi uzurinka, kada ka zauna a teburin.

Allah Ya tsare mana imaninmu. Wallahu a'alam.