Kwanson Harsashi da Gajiyar Ƙarfe: Tambayar da Ta Ba Ni Kunya a Aji

A zangon da ya wuce malaminmu na darasin ƙarafa ya jefo mana wata tambaya. Ya ce a Amurka akwai masu harbin nishaɗi da ke tsince kwanson harsashin da suka harba, su sake cika shi a gida, kuma dokarsu ta yarda. To me ya sa suke tsince na tagulla, su bar na alminiyum a ƙasa? Ni da karambani na ɗaga hannu na ce ai don alminiyum ba shi da tsada ne. Malam ya dube ni ya ce, "Wannan amsar 'yan gwangwan ce, ba ta injiniya ba." Aji ya fashe da dariya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na koma na bi diddigi.

Kafin wani ya fassara ni, a nan Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ko mallakarsa ba tare da lasisi ba. Halin ƙarfe nake son mu duba, shi ke nan.

Da farko na ɗauka kwanso mazubi ne kawai na albarushi. Ashe babban aikinsa toshe hanya ne. Idan aka harba harsashi mai milimita 9, matsin iskar da ke ciki kan iya kai psi 35,000, wato ya ninka na tayar mota fiye da sau dubu. A wannan ƙiftawar ido kwanson zai kumbura ya manne da bangon ɗakin da yake zaune a cikin bindiga, don kada iska mai zafi ta dawo fuskar mai harbi. Da matsin ya sauka kuma sai ya ɗan tsuke, a iya zare shi. Mai sake cikawa kuwa dole ya matse shi ya koma girmansa na asali. Kun ga ke nan kowane zagaye ana buɗa ƙarfen ana matse shi.

Tagullar harsashi haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma tana da haƙuri da irin wannan wahala. Ita ma tana taurara in an yi ta lanƙwasa ta, amma a hankali, kuma idan aka gasa bakin kwanson sai laushinta ya dawo. Alminiyum ɗin da ake yin kwanso da shi ba ya da wannan haƙurin. Ku gwada da ɗan marfin gwangwanin lemo: lanƙwasa shi gaba da baya, kafin ka ƙirga kaɗan ya karye a hannunka. Tsagar tana farawa ne tun ido bai ganinta. Gasa shi ma ba mafita ba ce, don tun a masana'anta aka daidaita ƙarfinsa, zafi kuma rushe wannan zai yi. Sannan ba ya yin ja ya gargaɗe ka. Yana nan fari tas har ya narke a wajen digiri 660, alhali tagulla sai ta haura 900.

Wannan bambancin zafin shi ya fi ba ni tsoro. In kwanson alminiyum ya tsage lokacin harbi, iskar da ke kutsawa ta tsagar tana iya narkar da gefenta ta faɗaɗa ta, ta cinye bangon ɗakin harsashin, ragowar ta nufi ido da hannun mutum. Duk wannan don tsimin kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Kamfanin CCI da ke jihar Idaho, mai yin harsashin Blazer na alminiyum, bai ɓoye komai ba. Yana buga haruffan NR a gindin kwanson, ma'ana ba a sake cika shi. Shekaru da yawa ma ya yi amfani da maƙyastu samfurin Berdan, mai ƙananan huda a gefe, wanda ke da wahalar cirewa, maimakon samfurin Boxer mai huda ɗaya a tsakiya. Abin dariya, Berdan ɗin Ba'amurke ne, Boxer kuma Baturen Ingila, amma kowace ƙasa ta rungumi ƙirar ɗan ɗaya ƙasar.

To in haka ne, me ya kawo alminiyum cikin harkar? Nauyi da farashi. Santimita guda murabba'in kubu na alminiyum giram 2.7 ne, na tagulla kuwa kusan 8.5. Shi ya sa babbar bindigar jirgin yaƙin Amurka A-10, mai harsashi milimita 30, take amfani da kwanson alminiyum. Ba laifin ƙarfen ba ne. An ƙera shi don aiki sau ɗaya, kuma yana yin sa daidai.

Abin da malam yake so mu kama shi ne gajiyar ƙarfe, wato karyewa saboda maimaita nauyi ko da nauyin bai kai na karya shi a tashi ɗaya ba. Shi ne ya tarwatsa jiragen Comet guda biyu na Ingila a sama a 1954. Kowace tafiya jikin jirgin na alminiyum yana kumbura yana sacewa, har tsaga ta taso daga kusurwar wata kafa. Sai da aka tsoma jirgi guda a tankin ruwa a Farnborough ana ta matsa shi kafin aka gano.

Amsata ta 'yan gwangwan ma ba ta faɗi ƙasa banza ba, in za a yi mini adalci. Hanyar da alminiyum ke dawowa aiki ita ce narkarwa, kamar yadda maƙeranmu ke narka gwangwani su zuba tukunya, kuma hakan na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo. Na faɗa wa malam haka a mako na gaba. Ya ce na ci rabin maki.